"Allah Ya Bishe Mu": Neman Nufin Allah Wajen Yanke Shawara da Yadda Yake Ƙarfafa Bangaskiyar Kirista

Gabatarwa

Wata rana mun fito daga darasin aron kalmomi, inda malam ya cika allo da kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci, sai wani abokin karatuna Musulmi ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Mutumina, wai ku ma kuna da istihara kuwa?" Kalmar tana cikin waɗanda aka rubuta a allo a ranar, kuma malam ya bayyana mana cewa salla ce ta nafila mai raka'a biyu da addu'a, wadda Musulmi kan yi domin neman zaɓin Allah a kan wani al'amari. Na ce masa ba mu da wata salla ta musamman mai wannan suna, amma muna da abin da muke kira neman nufin Allah. Sai ya ce, "To yaya ake yi, kuma ta yaya mutum zai san an amsa masa?" Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa. Na ce masa ya biyo ni bashi. Wannan maƙala ita ce biyan bashin.

Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, Kirista ba ya neman ja-gorar Allah domin ya huta da tunani, kuma ba saukar wata alama daga sama ce ke ƙarfafa bangaskiyarsa ba. Abin da ke ƙarfafa ta shi ne abin da neman yake yi wa mai neman. Tun da yake mu ɗaliban harshe ne, bari mu fara da kalmomin.

Kalmomin da muke amfani da su

Duk wanda ya taɓa shiga sujada a majami'ar da ake amfani da Hausa, ko a Jos ko a Kafanchan ko a unguwannin 'yan Arewa na nan kudu, zai ji ana cewa "Allah ya bishe mu" ko "bishewar Ruhu Mai Tsarki". Bahaushen Kano zai iya jin kalmar ta yi masa baƙunta, domin shi ya fi sabawa da "Allah ya shirye mu" ko "Allah ya yi mana jagora". Amma kalmar Hausa ce tsantsa. Daga aikatau "bi" ta fito, a aji na 5 na rabe-raben aikatau da Parsons ya yi a 1960. Kamar yadda ake cewa fitar da shi ko fisshe shi, gai da shi ko gaishe shi, tsai da shi ko tsaishe shi, haka ake cewa bi da shi ko bishe shi. Ke nan mai wannan addu'a ba cewa yake a nuna masa hanya daga nesa a bar shi ba. Cewa yake a sa shi ya bi, a tafi da shi.

Irin waɗannan kalmomi sun zauna a bakin masu bi ne ta hanyar Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932 bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi, da kuma ta hanyar wa'azi da waƙoƙin sujada. Da yawa daga cikinmu da Hausa ba harshen uwa ba ce gare mu, a majami'a muka fara jin tsohuwar Hausar da ko a kasuwa ba a cika jin ta ba.

Sai kalmar "ja-gora", wadda harɗaɗɗiya ce: ja da gora. Asalinta yaron nan ne da ke riƙe da bakin sandar makaho yana tafe a gaba, makahon na riƙe da ɗaya bakin. Na daɗe ina tunani a kan wannan hoto. Makaho ba ya ganin hanya, kuma ɗan jagora ba ya tsayawa ya zana masa taswirar gari. Abin da makahon ke samu kawai shi ne motsin sanda a hannunsa, taki bayan taki. In kuwa ya zauna ya ce ba zai tashi ba sai an gaya masa duk kwanar da ke gaba, sandar ba za ta gaya masa kome ba. Sai ana tafiya ake jin ja.

Haka ma "nufi". Muna cewa nufin Allah, wato abin da yake so, amma muna kuma cewa wane ya nufi kasuwa, wato ya fuskanci can ya kama hanya. A ƙarshe ga "bangaskiya", wadda Musulmi ke kira imani. Ginin kalmar irin na ban-kwana da ban-girma da ban-ruwa ne: ba da gaskiya. Abu ne da mutum ke miƙawa, ba abin da yake ajiyewa a aljihu ba. Kuma ba a san mutum ya miƙa shi da gaske ba sai ranar da yake da abin da zai iya rasawa. Shi ya sa lokacin yanke shawara ya zama wurin da ake auna ta.

Abin da ya faru da ni

A daminar 2023 aka ba ni gurbin karatun Hausa a nan, alhali kuwa aikin lauya na nema. A shekarar ce wata cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna, ta riƙa ruɓewa a cikin ƙasa, manoma da yawa suka tashi a tutar babu. Gonar Babana ba ta tsira ba. A shekarar ce kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Abin da ya rage mana shi ne 'yan buhunan busasshiyar citta na shekarar da ta gabata. Hanya biyu ce a gabana: in karɓi gurbin a sayar da buhunan in taho kudu, ko in zauna gida shekara guda in sake rubuta jarrabawar JAMB, ba tare da tabbacin za a samu kuɗin a baɗi ba. Abokaina kuwa dariya suka riƙa yi mini, wai Hausar da ake koya kyauta a kasuwa ita zan je jami'a in biya kuɗi a kanta.

Na ce zan yi addu'a, kuma na yi. Ga irin addu'ar da na yi: na ce wa Allah in nufinsa ne in zauna in sake jarrabawa, to a yi ruwa kafin ranar Lahadi. Da na gaya wa Mama, sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta dube ni ta ce, "A watan Agusta? A garin nan? Ai da ka ce in rana ta fito daga gabas." Ruwa kuwa aka yi a daren, har ya rushe mana katangar bayan gida.

Mama ce ta tura ni wurin tsohon pastonmu da ya yi ritaya. Na zayyana masa kome, ina jiran ya rufe ido ya gaya mini abin da ya gani. Bai rufe ido ba. Ya ce, "Ɗana, in amsar ta zo ba yadda kake so ba, za ka karɓa?" Na ce, "Baba, zan karɓa." Ya ce, "Kada ka yi saurin amsawa. Je ka yi mako biyu da wannan tambaya kaɗai. In ka iya cewa i da gaske, rabin aikin ya ƙare." Na fito raina a ɓace, domin amsa na je nema aka ba ni aikin gida.

Batun neman alama

Ba ni na fara irin wannan dabara ba. A Littafin Mahukunta sura 6, Gidiyon ya shimfiɗa gashin tunkiya a masussuka, ya roƙa raɓa ta sauka a kan gashin kaɗai ƙasa ta zauna a bushe. Aka yi masa haka, har ya matse ruwa cike da kwano. Bai gamsu ba, ya sake roƙo a juya abin, aka kuma yi masa. Mutane da yawa kan kafa hujja da wannan labari, amma suna mantawa da cewa tun kafin gashin tunkiyar an riga an gaya wa Gidiyon abin da zai yi. Ba rashin sani ke damunsa ba, tsoro ne. Allah ya yi haƙuri da tsoron nasa, sa'an nan ya rage masa mayaƙa daga 32,000 zuwa 300, yadda babu sauran abin dogara sai wanda ya aike shi. A wurin ne bangaskiyarsa ta girma, ba a masussuka ba.

A Ayyukan Manzanni sura 1 ma an jefa ƙuri'a domin zaɓen wanda zai maye gurbin Yahuza, ta faɗa a kan Matiyas. Abin lura shi ne, daga nan ba a sake ambaton ikkilisiya ta yanke shawara da ƙuri'a ba a cikin Sabon Alkawari. A sura 13 azumi da addu'a aka yi a Antakiya kafin a aiki Barnaba da Shawulu. A sura 15 kuwa, da gardama ta tashi kan ko dole ne waɗanda ba Yahudawa ba su yi kaciya, taro aka yi a Urushalima, aka yi muhawara mai zafi, aka saurari shaidu, aka duba Nassi, sa'an nan aka rubuta wasiƙa. Shawara ɗaukar ɗaki, in ji Bahaushe.

Har manyan mutane sun yi tuntuɓe a nan. John Wesley, wanda ɗarikar Metodis ta samo asali daga aikinsa, yana saurayi a Jojiya ta Amurka a 1737 ya jefa ƙuri'a kan ko ya auri wata budurwa. Takardar da ta fito ta ce ya bar maganar. Ya bari da baki, amma zuciyarsa ba ta bari ba. Da budurwar ta auri wani, ya hana ta jibin Ubangiji, aka kai shi ƙara, kafin shekarar ta ƙare ya bar garin ya kama hanyar komawa Ingila. Ƙuri'a ta yanke masa hukunci, amma ba ta taɓa son zuciyarsa ba, kuma a nan ciwon yake.

A nan zan ɗan yi tsokaci kan wata ɗabi'a da ta yi yawa a zumuntar ɗalibai. Ɗan'uwa zai tare 'yar'uwa bayan taron addu'a ya ce Allah ya nuna masa ita ce matarsa. Wani lokaci ma sai a tarar 'yan mata uku ya gaya wa haka a zango ɗaya. Wannan ba neman nufin Allah ba ne, sa hannun Allah ne na jabu a kan takardar da mutum ya rubuta da kansa. Wasiƙar Yahaya ta fari sura 4 ta umarci masu bi su gwada irin waɗannan maganganu, kuma 'yar'uwar tana da cikakken 'yancin cewa ita ba a nuna mata ba tukuna.

To yaya ake yi?

Abin da aka koya mana, kuma na ga amfaninsa, ba shi da wani asiri. Da farko akwai abubuwan da ba a tambaya a kansu, domin an riga an faɗa. Ba wanda zai yi azumi domin ya san ko ya saci amsa a jarrabawa. Neman ja-gora yana shigowa ne inda hanyoyi biyu duk halal ne: wane karatu, wane aiki, wace mata, zama ko tafiya. A nan ne mai bi yake addu'a, yake karanta Littafi Mai Tsarki a jere yadda ya saba (ba buɗe shi da ka a ɗora yatsa kamar mai duba ba), yake tambayar waɗanda suka girme shi kuma suka san halinsa, yake duba abin da ke hannunsa na baiwa da na kuɗi da na nauyin iyali. Wasiƙar Yakubu sura 1 ta ce wanda ya rasa hikima ya roƙa. Hikima aka ce, ba labarin gobe ba. Littafin Karin Magana, wanda tsofaffinmu ke kira Misalai, cike yake da gargaɗi kan mutumin da ke jingina ga wayonsa kaɗai da wanda ba ya neman shawara. Kuma a Joshuwa sura 9, laifin da aka ɗora wa shugabannin Isra'ila sa'ad da Gibeyonawa suka yaudare su da tsofaffin takalma da busasshiyar gurasa shi ne, sun duba guzurin da idonsu amma ba su tambayi Ubangiji ba.

A mako biyun da tsohon pasto ya ba ni, ban yi mafarki ba, ban ji murya ba. Abin da ya faru ya fi haka nauyi a gare ni: na fara jin kunyar addu'ata. Duk sa'ad da na durƙusa, sai in ga ba shari'a nake so ba, rigar lauya da hular nan nake so, da yadda za a riƙa nuna gidanmu. Mutum yana iya yaudarar abokansa da dogon Turanci, amma da wuya ya maimaita ƙarya ɗaya a gaban Allah safe da yamma har kwana 14. A ranar Lahadi ta biyu aka yi baƙon mai wa'azi wanda ba ya jin Hausa, aka kira ni in yi tafinta kamar yadda nake yi tun ina sakandare. Bayan an tashi wata tsohuwa daga Zumuntar Mata ta riƙe hannuna ta ce, "Jikana, yau na ji wa'azi har cikin cikina." Ba wannan ne karo na farko da aka gaya mini haka ba, amma shi ne karo na farko da na saurara. Da dare na zauna da Baba. Ya ce shi ba zai zaɓar mini ba, sai dai ya ƙirga mini buhunan da suka rage, ya ce na bana ne, baɗi kuwa sai wanda ya gani. Da safe na koma wurin tsohon pasto na ce, "Baba, yanzu zan iya cewa i."

Inda bangaskiya ke samun ƙarfi

A ganina ƙarfin yana fitowa ne daga wannan i ɗin. Kowane Kirista yana faɗa a addu'ar Ubangiji cewa a yi nufin Allah, amma faɗar ba ta da tsada sai ranar da nufin mutum ya ja wani wajen. Misalin da muke koyi da shi shi ne na Yesu a gonar Getsamani, inda ya faɗi abin da yake so a fili har sau uku, sa'an nan ya miƙa kansa ga nufin Uban. Bai ɓoye son ransa ba, bai kuma ɗora shi a kan gadon sarauta ba. Wanda ya taɓa yin haka sau ɗaya a kan abu mai tsada, ya san wani abu game da Allah wanda ba a koyo daga wa'azi.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wanda aka bishe shi ya rabu da wahala. A Ayyukan Manzanni sura 16 Bulus da abokan tafiyarsa sun so yin wa'azi a Asiya aka hana su, suka nufi Bitiniya aka sake hana su, sai da suka gangara Taruwasa kafin Bulus ya ga wahayin mutumin Makidoniya. A kan tafiya suke duk lokacin nan, kamar makahon da na ambata. To ina ja-gorar ta kai su? Filibi, inda aka tuɓe Bulus da Sila aka yi musu dūka aka jefa su kurkuku. Ikkilisiyar Filibi daga nan ta tashi.

Tarihin ɗarikar da na taso a cikinta ma haka yake. A watan Disamba na 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da tabbacin cewa an kira su zuwa ƙasashen da ke can ciki. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo, ya dawo a 1900 zazzaɓi ya sake mai da shi. Sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902. Daga wannan aiki na SIM ne ECWA ta fito a 1954. Wanda ya auna ja-gora da sakamakon shekara ɗaya, da ya ce samarin nan sun yi kuskuren ji. Ni dai ba zan ce duk abin da mishan suka yi daidai ne ba, amma wannan lissafi na shekaru ya koya mini in daina yanke wa Allah hukunci a ƙarshen zango.

Na buƙaci wannan darasi da wuri. A zangona na farko a nan, gwajin farko na karin sauti ya kayar da ni warwas. Ni da nake taƙama da tafinta, na kasa bambance inda sauti ya hau da inda ya sauka a kalmomin da nake furtawa tun ina yaro. Kuɗin abinci ya ƙare kafin wata ya raba. Na fara haɗa kayana a zuci. Abokin ɗakina ɗan Katolika ne, shi ya ba ni labarin Ignatiyas na Loyola, sojan Sifen da harsashin igwa ya karya wa ƙafa a Pamplona a 1521. Yana jinya ya lura cewa tunanin suna da ɗaukaka kan faranta masa rai na ɗan lokaci sa'an nan ya bar shi a bushe, amma tunanin bin Almasihu kan bar masa kwanciyar rai mai daɗewa. Daga irin wannan lura ya tsara ƙa'idodin rarrabe motsin zuciya waɗanda Fafaroma ya amince da su a 1548. Ɗaya daga cikinsu ita ce, kada mutum ya sauya shawarar da ya yanke da hankali kwance a lokacin da ransa ke cikin duhu. Ni ba ɗan Katolika ba ne, amma wannan ƙa'ida ce ta hana ni zuwa tashar mota. Na koma na tuna yadda aka yi na zo, na ga ba a cikin ruɗu na yanke shawarar ba.

Wannan tunawa ita ma tana da muhimmanci. Duk wanda ya zaga garuruwan kudu zai ga majami'u da shaguna da motocin haya masu suna Ebenezer. Sunan dutsen da Sama'ila ya kafa ne bayan an yi nasara a kan Filistiyawa, ma'anarsa dutsen taimako, domin na baya su gani su tuna. Wanda bai taɓa tambaya ba, ba shi da abin tunawa: in abu ya yi kyau sai ya ce wayonsa ne, in ya ɓaci ya ce rashin sa'a ce. Wanda ya tambaya kuwa yana da ranar da zai nuna. Ni dutsena ɗan littafin rubutu ne mai shafi 40, inda nake rubuta abin da na roƙa da kwanan wata, da abin da ya biyo baya. Akwai shafukan da gefen amsa ya cika, akwai waɗanda amsar ta zo a'a, akwai kuma waɗanda har yau fari fat suke.

Da na nuna wa abokin nawa daftarin wannan maƙala, ya karanta har ƙarshe ya ce su ma malamansu kan ja kunne cewa istihara ba jiran mafarki ba ce, kuma ba ta hana shawara da mutane. Sa'an nan ya tambaye ni me zan yi bayan bautar ƙasa, koyarwa ko aikin fassara ko komawa gona in taimaki Baba, wanda ya sake shuka citta amma ƙarfinsa ya fara raguwa. Na ce masa wannan tambaya tana shafi na 23, kuma gefen amsarta babu kome tukuna.